Allon Oga a Kwamba

A wani shagon gyaran kwamfuta a unguwar Kwamba da ke Suleja, wani mai kaftani ya tsaya a kan mai gyara.

"Malam, awa biyu kana cire manhajar direban hoto kana mayarwa, har yanzu kwamfutar ba ta ga allon nan ba. Wane irin aiki ne wannan?"

"Alhaji, direba lafiya lau yake. Ramin da ake jona waya ne ya karye a bayan allon. Wa ya danna da ƙarfi?"

"Yarana ne, garin kallon ƙwallo. Kai dai ka gyara. Gobe da safe dole ya koma teburin Oga a Abuja."

"Oga ya san allonsa ya zo Suleja?"

"Kai mai gyara ne ko ɗan sanda?"

"Mai gyara ne, Alhaji. Sai jibi."