Inna Ta Ce A Kai Ta, Yaya Ya Hana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Sunana Rabi, daga Jarwal a nan Makka.

Mahaifiyarmu tana fama da ciwon daji. Makon jiya likita ya ce magani ya ƙare, sai dai a kwantar da ita a sashen da ake rage wa majinyata raɗaɗi har lokacinsu ya yi. Inna da bakinta ta ce, "Rabi, ku kai ni. Ko salla ciwon nan ba ya bari in yi."

Sai yayanmu da ke Jidda ya bugo yana faɗa: "Me mutane za su ce? Mun jefar da uwarmu a asibiti?"

Wallahi Malam raina ya ɓaci! Wata huɗu ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke jin ihunta. Shi sau biyu ya leƙo. Na ce, "Yaya, zo ka yi jinyarta kwana biyu, sannan ka yi magana." Ya kashe wayar.

Gobe likita ke jiran amsa. Jama'a, ku ba ni shawara: maganar Inna zan bi, ko in jira mutumin da ya daina ɗaukar wayata?