Ngaro Bai Ci Abinci a Gidana Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da dukan masu saurare.

Ranar Laraba, a watan Shawwal, bayan la'asar, mota ta buge babur ɗin ɗana Habibu a hanyar unguwar Goudji. Kafin magariba Allah Ya karɓi abinsa.

Ni malamin jami'a ne. Ina koya wa ɗalibai tattaunawa da wanda addini ko yare ya bambanta su. Ƙa'idata ita ce kowane ɗalibi ya ci abinci a gidan abokin da na haɗa shi da shi, domin hirar aji ba ta wadatarwa. Habibu yana ajin. Na haɗa shi da Ngaro, Kirista ɗan kudu, kuma ya je ya ci a gidansu.

Da ya ce, "Abba, saura Ngaro ya zo namu," sai na tuna baffannin Habibu da muke cin tire ɗaya da su a unguwar Ridina, da abin da za su faɗa. Na ce, "Bari sai bayan jarrabawa." Ya yi dariya, ya ce, "Abba, da ɗalibi ne ya ba ka wannan amsa, da ka kayar da shi."

Ngaro ya zo ta'aziyya, ya tsaya a bakin rumfa, ya tafi kafin a kawo abinci. Har yanzu yana zuwa ajina, yana zama kusa da kujerar Habibu.

Ina neman shawararku: da wane baki zan gayyace shi yanzu? Jarrabawa ta wuce, kuma Ngaro bai ci abinci a gidana ba.