Kifin da Na Hana Wiebe

Fasto Veenstra, Kansila Bouma, shugabar ƙungiyarmu ta masu kiwon kifi Hiske de Haan, Aukje matar marigayi da 'yarsa Rixt, 'yan uwa da maƙwabta, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Na ga wasunku sun kalli juna da aka kira sunana. Ba ku yi laifi ba. Kowa a Franeker ya san shekara huɗu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa ni da Wiebe Zijlstra. Da Aukje ta bugo mini waya na ce, "Aukje, duk garin nan kin rasa mai magana sai ni?" Ta ce, "Douwe, shirun ya isa haka. Asabar ƙarfe biyu, kuma ka sa rigar kirki." To, ga ni.

Wiebe ya kasance sakatarenmu shekara ashirin da biyu. Ya kasance mutumin da kowace Alhamis, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, yake hawa kekensa ya je gidan tsofaffi ya wanke musu akwatin kifinsu, sannan ya zauna shan kofi da waɗanda ba mai ziyartarsu. Ya kasance, mu faɗi gaskiya, mutum ne da ba ya tauna magana. Kusan kowa a nan ya ɗanɗana.

Mu da muka sauka ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa mun san abin da ya ba rayuwarsa: ƙananan kifayen Tafkin Victoria, dangin karfasa, waɗanda uwa ke riƙe ƙwai a baki kusan mako uku ba ta cin komai. Akwai irin da muke kira jan-ciki. A iya saninmu an daina ganinsa a tafkin tun kafin a haifi Rixt, kuma a hannun Wiebe kaɗai ya rage. Mazan kowane iri da launinsu, matan kuwa duk toka-toka ne, sai mai ido ke bambanta su. Shi ya sa dokarsa ɗaya ce: kowane iri da akwatinsa. In suka gauraya, irin ya tafi ke nan, ko da akwatin ya cika da kifi.

Ni ya fara ba jan-ciki, maza biyu mata uku, kyauta. Wuri ya yi mini kaɗan, na haɗa su da wani iri, wai na 'yan kwanaki. Da suka hayayyafa na kawo 'ya'yan taronmu na wata a cikin ledoji zan raba, ina ta hura hanci. Wiebe ya ɗaga leda ɗaya saitin fitila, ya ce, "Gauraye ne. Kada wanda ya ɗauka."

Na ce, "Idonka ya tsufa, dattijo."

Ya ce, "Ya tsufa, amma bai manta ƙirge ba. Ƙirga zanen jikinsu, in ka iya ƙirge."

Aka kwashe da dariya. Na tattara ledojina na fita. Da na isa gida na ƙirga. Gaskiyarsa ne. Ban raba wa kowa ba, na ware na asalin, amma ban taɓa faɗa masa ba. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa nawa shekara huɗu.

Bara, yana kwance a asibiti, na'urar ɗumama ruwansa ta lalace. Mazansa duka suka mutu, aka bar mata huɗu. Ni kuma a wurina namiji ɗaya ya rage. Da aka sallame shi sai ga kati ta ƙarƙashin ƙofata, layi ɗaya: "Douwe, naka yana nan?" Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba! Na liƙa katin a jikin firji, na ce gobe. Gobe, gobe, har Hiske ta bugo ta ce Wiebe ya cika. Kunyar wannan ba za ta bar ni ba.

Aukje, kin sha cewa gidanku warin tafki yake, amma wata biyu ke nan ke kike sauka kina ciyar da kifayen da gwiwarki mai ciwo. Kin ce mini saura mata biyu. Rixt, mahaifinki bai yi kuskure ba ranar nan, ina so ki ji haka daga bakina a gaban mutanen da suka yi dariya.

Namijin yana cikin motata yanzu haka, a bokiti, na naɗe shi da bargo. Ya tsufa, matan ma sun tsufa. Wataƙila na makara, ban sani ba. Ba na roƙon a ba ni su. Roƙona a bar ni in kai shi akwatin Wiebe, in riƙa zuwa ina canza ruwa har mu ga abin da Allah zai yi.

Mun gode wa Fasto, da waɗanda suka dafa kofi, da kowa da ya zo. Allah ya ji ƙan Wiebe, ya ba shi hutawa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya yafe wa masu jiran gobe irina. Amin.

Aukje, in kin yarda, mu tafi kafin ruwan ya huce.