Kofin Waɗanda Ba Su Dawo Ba

A ɗakin jiran likitan hanta a Dundee, Morag ta kasa ɗauke ido daga takardar da wani dattijo yake cikewa, hular soja a gwiwarsa.

"Bawan Allah, gafarta min shisshigi. Kofi ɗaya na barasa ka rubuta kana sha kullum, ga idonka kamar gwaiduwar ƙwai."

"Ɗaya ne nawa, baiwar Allah."

"Sauran fa?"

"Na Callum, da Ewan, da Fergus. A rundunarmu, wanda bai dawo daga yaƙi ba ana zuba masa barasarsa. Ba a zubarwa, ba a mayarwa kwalba."

"Kai ke shanye musu?"

"Da mu shida muke rabawa. Yanzu saura ni."

"Biyar ɗin da suka rasu daga baya, su ma ana zuba musu?"

Dattijon ya koma kan takardar. Can ya soke ɗaya, ya rubuta tara.

"Ke kuwa me ya dame ki da lissafina?"

"Mijina ne a ciki wurin likita. Shekara talatin ina wanke kofi huɗu kowace safiya, ban taɓa tambayarsa na su waye ba."