Telan da aka kai talabijin

A tashar motar birnin Multan, wata dattijuwa da wani magidanci suna kallon talabijin ɗin mai shayi.

"An soke shirin tonon sililin nan," in ji ta. "Wai saboda telan da ya kashe kansa."

"Gara haka, Inna. Masu yi masa ihun nan ba su da imani."

"Ba son ranmu ba ne, ɗana. Hannu ake ɗaga mana, mu yi ihu. In an tashi a ba mu shinkafa."

"Ashe kina wurin?"

Ta ja mayafi. "A sahun gaba. Ka san shi ne?"

Ya daɗe yana juya kofinsa.

"Ƙanena ne. Ni na lallashe shi ya je. Cewa masu shirin suka yi sulhu za su yi mana, ni da shi."