Magudanar da Ake Dubawa Lokacin Sanyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama, mai girma magajin gari, ƴan majalisa masu daraja, masu unguwanni iyayen ƙasa, malamanmu, ƴan uwana ƴan kasuwa maza da mata, da dukkan wanda ya bar sana'arsa ya zo: ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa.

Sunana Sa'adatu Sumana, ni ce matan ƙaramar kasuwarmu ta Gindin Tsamiya suka ɗora wa magana da yawunsu. Muna godiya da kuka buɗe mana ƙofa tun kasafin kuɗin baɗi yana kan tebur, tun ba a buga masa hatimi ba.

Magana ta farko, a kan lanho ce, wato haraji. Mun ji za a ƙara kuɗin tikitin kasuwa, kuma ba mu zo gardama ba. Gari ba ya tafiya da fatar baki, mun sani. Illo mai yankar tikiti shaida ne, ga shi can baya yana sunkuyar da kai. Ko ranar da ruwa ya ci kasuwa, Illo yana naɗe wando zuwa gwiwa ya ratso ya same mu, mu kuma mu miƙa masa muna tsaye cikin ruwan. Wallahi ba mu taɓa ganin ma'aikaci mai himma irin tasa ba, har mukan ce da ruwan sama na da rumfa, da shi ma ya biya.

Magana ta biyu, a kan lokaci ce, kuma ita ta kawo ni. Ranku ya daɗe, kuna tsara kasafi a lokacin sanyi, kuna zagayen gani da ido a lokacin sanyi. Mu kuwa wahalarmu ta watan Agusta ce. Bara tawagarku ta zo, muka kai ta bakin magudanar da ke bayan rumfunanmu. Aka tarar da ita a bushe ƙayau, awaki biyu na kwance ciki suna tuƙa. Alhaji Zubairu, ɗan majalisarmu, ya leƙa ya ce, "Hajiya, ai wannan lafiyarta lau." Na ce, "Alhaji, yashi ne ya cika ta, shi ya sa awaki ke jin daɗinta." Aka yi dariya, aka shiga mota, aka ɗage aikin zuwa wata shekara. Ban ga laifinsa ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma shekarar da ta gabace ta ma haka aka yi, da wadda ta gabaci waccan.

Sai damina ta faɗi. Ga Inna Iklima nan zaune a layin gaba, mai sayar da gishirin Bilma da kanwa, wadda ta riga yawancinmu kafa rumfa a kasuwar nan, wadda da gishirin nan ta rene marayun ɗanta. Mai atamfa in ruwa ya taɓa kayanta sai ta shanya. Mai tumatir sai ta wanke. Mai gishiri fa, me za ta shanya? Na same ta da safe tana riƙe da buhu, buhu ne kawai, ruwa ya narkar da gishirin, ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ba wanda ya sace, ba wanda ya ƙone, to wa zan kai ƙara?" Na koma rumfata na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa a gabanku.

Magana ta uku, roƙo ne. Muna roƙon a saka yashe wannan magudana cikin kasafin nan, a rubuta ta da sunanta, kada a cusa ta cikin "sauran ayyuka", kuma a yi aikin kafin hadarin farko ya haɗu. Muna kuma roƙon a mai da zagaye ɗaya cikin Agusta. Ku zo ku gan mu sa'ad da unguwannin Yantala da Lazaret da mu duka muke kallon sama da fargaba. Takalman roba, mu matan kasuwa za mu tanadar muku, Illo kuma ya san hanya.

Ranku ya daɗe, yanzu ne gishirin bana ke saukowa daga arewa. Dillalin Inna Iklima ya aiko yana tambaya, a ajiye mata ko a sayar wa wani. Ta ce masa ya dakata sai ta dawo daga wannan taro. In kun saka magudanar, za ta aika a kawo. In kun ɗage, za ta rufe rumfa ta koma Tahoua da jikokinta. Amsar da za ta ba shi yau da yamma, a hannunku take.

Allah Ya yi muku jagora a kan abin da za ku sa wa hannu. Allah Ya sa damina mai zuwa ta zama alheri ga manomi, ta zama alheri ga mai gishiri. Allah Ya zaunar da Niamey da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.