Wayar da Ta Kama Wuta a Tsakiyar Ruwa

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, cikin sunan Yesu mai ceto.

Abin ya fara ne da ƙarar almakashina. Ina cikin ɗaki ina tsince shinkafa, sai na ji ƙas, ƙas daga tsakar gida. Na leƙa, sai ga maigidana, Baban Rifkatu, yana yanka wayar wuta da almakashin ɗinkina.

Kun san gonarmu ta albasa tana ƙetaren tafkin da ake tara ruwan noman rani. Da ɗan kwale-kwale yake tsallakawa, kuma kwale-kwalen ya tsufa, yana yoyo. Ya gaji da tuƙi da hannu ɗaya, kwarfe ruwa da ɗayan. Shi ya sa ya samo tsohon batirin mota da ƙaramin famfo, wai famfon ya riƙa zuƙe ruwan.

Na bi shi bakin tafki ranar da ya haɗa. Ya murɗe wayoyin, ya naɗe su da ledar ruwa kamar yadda ake yi a gida, ya shimfiɗa su a ƙasan jirgin, ya danne da ƙusoshi yana lanƙwasa kansu. Na ga wata ƙusa ta ci robar wayar. Na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce ashe sakandaren da na yi har da injiniya aka koya mini, in koma ga tukunyata. Ni ma na yi dariya, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Wata safiya ya manta ƙunshin ɗumamensa. Na goya ƙaramin ɗanmu, na riƙe hannun Rifkatu, muka bi shi. Kafin mu isa ya kai tsakiyar ruwa. Ina ɗaga masa ƙunshin, sai na ga hayaƙi yana tashi daga ƙasan jirgin.

'Yan'uwa, akwai jarkar fetur a jirgin nan, ta injin ban-ruwa. Kuma mijina manomi ne, bai iya iyo ba.

Na ga ya sunkuya yana fizgar wayar, ya saki, yana yarfe hannu. Ya ɗauki jarkar ya wurgar, gorar tuƙinsa ta bi ta. Famfo ya mutu. Jirgi ya fara shan ruwa yana juyawa a wuri ɗaya.

Ni kuwa ina tsaye da goyo. Ba igiya, ba wani jirgi, ba kowa a kusa. Na shiga ruwa har gwiwa, na dawo. Na sake shiga, na sake dawowa. Ina ganin mijina ƙiri-ƙiri, amma hannuna ba ya kaiwa. Ni da nake jagorar addu'a a cikinku, ko aya ɗaya ban tuna ba. Na durƙusa cikin taɓo, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, “Yesu. Yesu.”

Sai iska ta taso daga bayansa. Ba mai ƙarfi ba ce, amma ta tura jirgin a hankali har cikin kacala, ciyawar nan mai tsayi da manoma ke tsine wa kullum don tana toshe hanyar ruwa. Ita ta riƙe shi. Maigidana ya kama ta da hannu biyu, jirgin yana nutsewa a ƙarƙashinsa.

Wani dattijo Bafulatani da ya kawo shanu shan ruwa ya ji kukanmu. Ya kutsa har ƙirji, ya miƙa sandarsa, ya jawo shi. Da suka fito ya dube ni ya ce, “'Yata, tashi. Allah ya bar miki shi.”

Tafin hannun maigidana ya ƙone, ya daɗe bai riƙe fartanya ba. Ni nake ba shi abinci a baki. Bai taɓa tada zancen ƙusar nan ba, ni ma ban tada ba.

Da ya warke, maƙwabta suka taya shi ciro jirgin. Wannan karon shi ya kira ni in riƙe masa. Muka zura wayar cikin tsohon tiyo, muka bi da ita ta gefen jirgin daga sama inda ruwa ba ya kaiwa, muka ɗaure da robar tayar babur, ba ƙusa ko ɗaya. Batirin muka sa cikin yankakkiyar jarka a kan katako, ya sa fiyus mai yanke wuta idan waya ta sami matsala. Fetur kuma yanzu a babur yake zagayawa da shi.

Har yau idan ya tura jirgin nan ina jin tsoro. Amma na gode wa Ubangiji, ban zama gwauruwa ba, 'ya'yana ba su zama marayu ba. Duk wadda ke tsaye a bakin wani ruwa yau, hannunta ba ya kaiwa, ta kira Yesu ko da kalmomi sun ƙare mata.

Ran nan ina wanke wa Rifkatu ƙafa, ta dube ni ta ce, “Mama, addu'arki ta bakin tafki fa gajeriya ce, ko amin ba ki ce ba. Amma ya ji.”